Ƙanwata ta dawo daga Libiya, ta ina za mu fara?

Tambaya: Likita, an yaudari ƙanwata da aikatau, aka bi da ita ta Agadas zuwa Libiya, aka tilasta mata karuwanci. Mako uku ke nan da dawowarta. Ba ta barci, tana fitar da ruwa mai wari, wata biyu ba ta ga al'ada ba. Iyayenmu na son aurar da ita a rufa asiri. Daga wata 'yar uwa a Daura.

Amsa: 'Yar uwa, a ajiye maganar aure tukuna. Asibiti ne farko, cikin makon nan, ke kaɗai ki raka ta. A yi gwajin ciki, da na ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B, da tunjere da sanyi. Ko gwajin ƙanjamau ya fito lafiya, a maimaita bayan wata 3, domin sabon kamu ba ya nunawa nan take. Maganin rigakafinsa, PEP, sai cikin awa 72 da saduwa yake aiki, a sha kwana 28. Nata lokacin ya wuce. In an samu cutar, magani kyauta ne a asibitin gwamnati.

Ruwan nan ya fi damunmu. Kada ku sayo kafso a kemis: rabin magani yana lafar da alama, ciwon kuma ya haura ya toshe bututun mahaifa, haihuwa ta gagara. Zazzaɓi da ciwon mara na nufin a tafi yau.

Ki tambaye ta a hankali ko an saba ba ta tiramadol. Yanke shi lokaci guda na kawo gumi, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, sai likita ya rage mata kaɗan-kaɗan.

Don Allah kada a titsiye ta da "maza nawa?" ko "me ya kai ki?" Firgita cikin dare da yawan shiru alamun damuwar abin da ya same ta ne, addu'a da ganin likitan ƙwaƙwalwa tare suke tafiya. Idan ta ambaci mutuwa, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera daga gidan.

Dokar fataucin mutane ta 2015 ta ɗauke ta a matsayin wadda aka zalunta, ta kuma hana bayyana sunanta. NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane ta ƙasa, na ba da mafaka, shawara da koyon sana'a. Ki nemi yardarta kafin ku kai rahoto, musamman in wanda ya kai ta ɗan unguwa ne.