Hukuncin Kai Ƙarar Mai Sayar da Ƙwaya da Mai Shan Ta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Tudun Wadan Zariya ne. Ƙanena ɗan shekara 23 yana tuƙa Keke Napep, ya faɗa shan tiramadol. Da farko cewa yake don ƙarfin aiki ne, yanzu ko balas ba ya iya haɗawa, har ya fara ɗauke kayan gida yana sayarwa. Mun san kemis ɗin da yake saye a bayan layinmu, kuma sahu ɗaya muke sallah da mai shagon. Na ce zan kai su biyun wurin hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, NDLEA, mahaifiyarmu ta ce ba ta yafe ba in na tona wa ɗanta asiri, wasu kuma suka ce kai ƙarar maƙwabci annamimanci ne. Wani abokina ɗan boko ma cewa yake dokar hana ƙwaya ba ta tsinana komai ba, gara a soke ta kamar yadda wasu ƙasashe suka yi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya shiryi ƙanenka, Ya sanyaya wa mahaifiyarku zuciya. Ɗan'uwa, ka haɗa mutum biyu a ƙara ɗaya, alhali shari'a ba ta haɗa su ba.

Tiramadol asalinsa magani ne, wanda likita ya rubuta wa babu laifi a kansa. Mai miligiram 50 da 100 hukuma ta yarda da shi, amma abin da ake miƙa wa yara ta ƙarƙashin kanta yakan kai 200 ko 225. Shan sa don a bugu haramun ne, domin Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk giya haramun ce, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Inda malamai suka saɓa shi ne horon da za a yi wa mai sha. Ibnu Taimiyya yana ganin mai shan wiwi a yi masa haddin giya. Malamanmu na Malikiyya, kamar Ƙarafi, sun ce irin waɗannan abubuwa masu ɓata hankali hukuncinsu ta'aziri ne, wato horon da shugaba ko alƙali zai zaɓa gwargwadon maslaha. Wannan na biyun nake rinjayarwa, kuma a kansa sauran amsar za ta ginu.

Mai kemis ba shi da rabo a hadisin da ya kwaɗaitar da rufa wa Musulmi asiri muddin yana kan sana'ar. Imam Nawawi ya bayyana cewa suturar da ake so ga wanda ba a san shi da cutar da jama'a ba ne. Wanda ya mai da ɓarna hanyar cin abinci, rufa masa asiri ƙara masa ƙarfi ne. Annabi (SAW) ya la'anci mutum goma a kan giya, cikinsu har da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Annamimanci kuwa ɗaukar magana ne don haɗa husuma, ba ya shafar wanda ya je wurin mai iko don a kawar da munkari. Sai dai ka tabbatar tukuna, kada ka gina ƙara a kan ji-ta-ji-ta. Ka ɗauki limaminku ko mai unguwa ku same shi a keɓe, ku tsoratar da shi Allah, ku faɗa masa ƙarara abin da zai biyo baya. In ya daina, alhamdu lillah, a bar maganar. In ya ci gaba, kai shi wurin hukuma ya zama wajibi a kan waɗanda suka sani, in wani ya yi ya ɗauke wa saura. Ban yarda matasa su taru su fasa shago ko su taɓa lafiyarsa ba, wannan wani laifin ne daban.

Game da ƙanenka, mahaifiyarku tana da gaskiya mai yawa. A zamanin Annabi (SAW) akwai wani sahabi da aka yi ta kawowa saboda shan giya, har wani ya la'ance shi. Sai Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar Buhari ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Ni na zauna da iyayen da suka kai ɗa kurkuku da hannunsu don ya yi hankali, ya fito ya san dilolin da bai sani ba a da. Jikin ƙanenka ya riga ya kamu. Ranar da bai sha ba za ka gan shi yana gumi, gaɓoɓi na ciwo, hamma ba iyaka, barci ya ƙaurace masa, kuma yanke masa farat ɗaya ba tare da likita ba na iya wahalar da shi ƙwarai. Ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika, ko asibitin Barnawa a Kaduna, ku haɗa da addu'a da raba shi da abokan shan. Gidan mari kuwa, inda ake sa wa mutum sasari ana duka da sunan gyaran tarbiyya, ban halatta ba. Abin da aka gano a irin waɗannan gidaje a 2019, a Rigasa da Daura da nan Zariya, ya ishe mu.

Amma akwai abu ɗaya da ba ya jiran yardar kowa. Yawan tiramadol yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, shi kuma yana ɗaukar mata da 'yan makaranta daga Kwangila zuwa PZ. Ka karɓi makullin, ka gaya wa mai keken gaskiya, ko da Hajiya za ta yi fushi na kwana biyu. Rayukan fasinja ba haƙƙinta ba ne balle ta yafe. Haka nan in ya kai ga ɗaga hannu ko makami a gida, ko ya fara sayarwa, to ya bar sahun masu sha, ka kai shi, kuma "ban yafe ba" ɗinta ba zai kama ka ba. Ka dai lallashe ta da tattausan harshe.

Abokinka kuwa ya faɗi wani abu da ya kamata a saurara. A 1985 an harbe mutum uku a Legas kan safarar hodar iblis, a 1989 aka kafa NDLEA, a 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duk da haka binciken da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a ƙasar nan. Kamu da ɗauri kaɗai ba sa warkarwa. Nana A'isha ta ce da a ce abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za mu bari ba har abada. Sai da aka gyara zukata sannan ayar Ma'ida ta sauka, aka kwarara giya a titunan Madina.

Inda ya kuskure shi ne batun sokewa. Fotugal da ake yawan kafa hujja da ita, a 2001 ba ta halatta sayarwa ba. Wanda aka kama da ɗan abin shansa ne ta daina kaiwa kotun laifi, ta koma tura shi gaban kwamitin da zai iya haɗa shi da masu magani, dila kuwa har yau ɗauri ne. Tunda horon mai sha ta'aziri ne, ya halatta hukuma ta musanya kurkuku da jinya ta dole, kuma ni wannan nake so 'yan majalisarmu su yi. Abin da ba ya halatta shi ne a ba da lasisin sayar da abin maye, domin idan Allah Ya haramta abu Ya haramta kuɗinsa, kuma tsare hankali yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Dokar da ta hana safara ta dace da addini, bin ta wajibi ne, jami'in da ya karɓi na goro ya saki dila kuma abokin tarayyarsa ne a zunubi.

Wallahu a'alam.