Ƙurar ƙarfe a wurin aiki: me ya sa wani ke kamuwa, abokin aikinsa kuma lafiya lau?

Tambayoyin wannan makon kusan duk sun faɗa kan wasu ƙarafa guda 17 da ake kira ƙarafan da ba safai ake samunsu ba, irin su seriyom, lantanom, niyodimiyom da gadoliniyom. Sunan ma da gyara a cikinsa, domin yawan seriyom a cikin ƙasa ya kai na jan ƙarfe. A warwatse suke kawai, kuma raba wani da wani aiki ne ja.

Tambaya: Likita, shekarata 14 ina aikin goge gilashin tabarau a wata masana'anta. Hodar da muke aiki da ita an rubuta seriyom a jikin buhunta. Wata takwas ke nan ina busasshen tari, in na hau bene sai na tsaya na huta. An gwada ni tibi sau biyu, babu. Abin da ya ɗaure mini kai, wanda muke tebur ɗaya da shi ya fi ni daɗewa, ko tari ba ya yi. Ko a jinina abin yake?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Kafin mu kai ga jini, ka nemi likitan huhu, kuma abin da za ka fara faɗa masa shi ne aikinka da sunan hodar nan, ko bai tambaya ba. Da yawa daga cikinmu likitoci mukan manta mu tambayi sana'ar mara lafiya, har a yi ta ba shi maganin tari wata da watanni. Ka nemi a yi maka gwajin hura iska da ke auna ƙarfin huhu, da hoton ƙirji na CT, domin hoton ƙirji na yau da kullum kan rasa tabon da bai yi nisa ba.

An san ƙurar seriyom da taruwa a huhu. An fara lura da hakan ne a masu aikin ɗab'in hotuna da masu haska majigi a gidajen silima na da, waɗanda fitilunsu ke ƙona sandunan gawayi masu ɗauke da seriyom a ciki. Sun shaƙi hayaƙin shekara da shekaru, wasunsu huhu ya yi tabo ya ƙandare, kuma an tarar da ƙarfen kwance a huhunsu bayan sun daɗe da barin aikin. An ga irin wannan a masu goge gilashi ma. Waɗanda aka tabbatar ba su da yawa, kuma galibi sun shaƙi wata ƙurar tare da ita, kamar ta silika, wato ƙurar yashi da duwatsu, don haka kada ka yanke wa kanka hukunci tun ba a duba ba.

A irin aikinku hodar ba ta da haɗari sosai muddin tana jiƙe. Matsalar tana farawa ne in ruwanta ya fallatsa ya bushe a ƙasa ko a jikin inji, sai a zo da tsintsiya ko a hura da iskar kwamfureso. To tsakaninka da abokinka, wa ke zazzage buhun da safe? Wa ke shara in an tashi? Wa ya fi kusa da bututun zuƙe ƙura? Waninku yana shan taba? Mutum biyu na iya zama tebur ɗaya, abin da ya shiga ƙirjinsu ya sha bamban. Kuma rashin tari bai wanke shi ba, shi ma ya je a duba.

Gado kuwa yana da nasa rabon. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na beriliyom, wanda ba ya cikin ƙarafan nan 17. A 1993 aka gano cewa mafi yawan ma'aikatan da ƙurarsa ta jawo wa ciwon huhu suna ɗauke da wani nau'i na ƙwayar gado mai suna HLA-DPB1, wanda ke sa garkuwar jiki ta ɗauki ƙarfen a matsayin abokin gaba. A 2011 kuma aka danganta wani nau'in ƙwayar MUC5B, mai alaƙa da majinar hanyoyin iska, da saurin yin tabo a huhu. Saboda haka tambayarka tana kan hanya. Amma ka lura, mai ɗauke da ƙwayar nan ta beriliyom, in bai taɓa shaƙar beriliyom ba, har ya tsufa wannan ciwon ba zai same shi ba. Jininka ba za ka iya sauya shi ba, ƙurar ita ce a hannunku.

Tambaya: Na ga ana tallar gwajin ƙwayoyin gado da ke nuna wanda ƙarafa za su yi wa illa. In yi kafin in karɓi aiki a kamfanin haɗa maganaɗisu?

Amsa: Ka riƙe kuɗinka. Babu wani gwajin gado da likitoci suka amince da shi don tantance wanda ƙarafan nan 17 za su cutar. Ko a beriliyom da aka fi fahimta, wajen kashi ɗaya cikin uku na mutane suna ɗauke da ƙwayar, kuma akasarinsu ba sa kamuwa ko sun yi aikin, yayin da wasu marasa ita suke kamuwa. Gwajin zai tsorata mai lafiya, ya kuma sa wani ya saki jiki. Abin da na fi tsoro shi ne kamfani ya fake da shi, ya sallami "masu rauni" ya bar ƙurar yadda take. Amurka ta yi doka a 2008 da ta hana masu ɗaukar aiki amfani da bayanan gadon mutum wajen ɗauka ko kora. Gwajin da zai amfane ka shi ne na hura iska kafin ka fara aiki, a ajiye sakamakon, a riƙa maimaitawa ana kwatantawa.

Tambaya: Maigidana yana farfasa tsofaffin kwamfutoci yana ciro maganaɗisu. Yakan dawo da ƙura a kaya, yara kuma suna wasa da ƙananan da yake kawo musu.

Amsa: Malama, yau ɗin nan ki tattara maganaɗisun nan daga hannun yara. Na niyodimiyom ne, ƙarfinsu ya wuce yadda ake zato. In yaro ya haɗiye biyu, sukan jawo juna ta bangon hanji, su matse naman da ke tsakani har ya huje, alhali da farko ɗan ciwon ciki da amai kawai za a gani. Ko zargi kika yi ya haɗiye, a tafi asibiti nan take, kada a jira ya fito a bayan gida. Shi kuma maigida ya daina niƙa su ko yanka su a bushe, domin garinsu yana kama wuta. Ƙurar kayan lantarki ma ba niyodimiyom ne abin tsoro na farko a cikinta ba, dalma ce, mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Ya sauya kaya a wurin aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro, kayan kuma a wanke su daban.

Tambaya: Muna tace baƙin yashi mai nauyi, an ce akwai monazait a ciki kuma yana fitar da tururin nukiliya. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne. Monazait ma'adini ne da ake ciro irin ƙarafan nan daga cikinsa, yana kuma ɗauke da wani ƙarfe mai suna toriyom, wanda shi ke fitar da tururin. Riƙe yashin a hannu na ɗan lokaci ba shi ne damuwar ba. Shaƙar ƙurarsa ce, da kwana kusa da tarin buhunansa. Matatar monazait da aka buɗe a Bukit Merah ta ƙasar Malesiya a 1982 sharar toriyom ce ta jawo mata zanga-zanga da shari'a har aka rufe ta. Ku yi aikin a jiƙe, kada ku ci abinci a wurin, kada a ajiye buhunan a ɗakin kwana. Ƙyalle ko takunkumin asibiti ba sa tare ƙura mai laushi irin wannan. Ku nemi takunkumin tace ƙura mai lambar N95 aƙalla, wanda ya zauna daram a fuska. Gemu mai kauri yana buɗe masa kafa ta gefe.

Tambaya: Za a yi mini hoton MRI da allurar gadoliniyom, ga shi ina aiki da irin waɗannan ƙarafa. Ba zai taru ya yi yawa ba?

Amsa: Aikinka ba ya hana allurar, wadda ake yi don hoton ya ƙara fitowa sarai. Ƙodarka ce abin dubawa. A 2006 aka gano alaƙar gadoliniyom da wata cuta mai ƙandarar da fata da gaɓoɓi a masu ciwon ƙoda mai tsanani, shi ya sa ake auna aikin ƙoda kafin a yi wa wanda ake shakka a kansa. In kana da ciwon ƙoda, ko mace tana da juna biyu, a faɗa tun kafin a hau gadon.

Tambaya: Shan madara bayan an tashi aiki yana wanke ƙurar?

Amsa: A'a. Madara ciki take tafiya, ƙurar kuwa tana huhu, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ka sha don abinci ce mai kyau, kuɗin da ya rage ka sayi takunkumi.