Baba ya kai 78, shin ya ci gaba da tuƙa motar-gidansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina shekarunsa 78, muna zaune a Texas. Da ya yi ritaya ya sayi doguwar motar nan mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, wadda a nan ake kira RV, tsawonta ƙafa 36. Duk hunturu sai ya ɗauki Mama su nufi Arizona. A tafiyar bara ya goge gefenta a gidan mai, ya kuma karya madubi. Mama ta ce yanzu ba ta iya runtsawa in yana tuƙi. Shi kuwa ya ce shekara 50 yana riƙe da sitiyari bai taɓa taka ko kaza ba. A wace shekara ya kamata ya daina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Babu wata shekara da zan yanke miki in ce da ta cika a karɓe makulli. Akwai mai 82 da idonsa da wuyansa suka fi na mai 65 aiki. Amma maganar Mama ta fi madubin ja min hankali. Wadda ta shafe shekaru a kujerar gefe ita ke fara gane tuƙi ya canza, tun kafin likita ya gane, balle mai tuƙin kansa.

Kada kuma lasisi ya ruɗe ku. A Texas, daga shekara 79 dole mutum ya je da kansa ya sabunta, a duba masa ido, daga 85 kuma duk shekara 2 ake sabuntawa. Idan nauyin motar ya haura fam 26,000 tana buƙatar lasisi na daban, ki duba takardunta. Sai dai karanta haruffa a allo bai nuna ko mutum zai iya riƙe wannan ƙatuwar mota idan tirela ta wuce shi ta bugo masa iska ba.

Tana yiwuwa Baba yana da gaskiya game da ƙaramar motarsa, amma ba shi da ita game da babbar. Motar-gida ba ta yafe ƙaramin kuskure. Bayanta ya zarce tayoyin baya da nisa, don haka in aka karya kwana hagu sai wutsiyar ta yi dama, kuma galibi haka ake gogar ƙarfen gidan mai. Madubin tsakiya ba ya nuna komai, sai na gefe, wato ido na ta kai-kawo, wuya na juyawa. Ga tsayi da sai an riƙa tunawa da shi a ƙarƙashin kowace gada. A gudun mil 60 a awa mota na cin ƙafa 88 a sakan ɗaya, ke nan jinkirin sakan guda kafin ƙafa ta sauka kan birki ya fi tsawon motarsa ninki biyu. Babbar hanyar I-10 kuwa, wadda ake bi zuwa Arizona, a cikin Texas kaɗai ta kusa mil 900, a yammacin jihar ana gudun 80, ga iska ga ƙura. Gajiyar awa ta shida a nan take kama dattijo.

Abin da zan fara dubawa in ya zo wurina shi ne ido, kuma ba tabarau kaɗai ba. Yanar ido na sa fitilun dare su kashe masa gani, ita kuwa aiki ake yi a cire ta, mutane da yawa su koma tuƙi lafiya. Gulukoma, wato hawan jinin ido, ta fi mugunta, don ganin gefe take ci a ɓoye, mai ita bai san ya rasa ba. Sai wuya da kafaɗa: yana iya waiwayawa sosai? Sai ƙafa, musamman in yana da ciwon suga da ya sa tafin ƙafarsa ya fara mutuwa. Ki tambayi Mama ko yana minshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa, domin masu wannan na gyangyaɗi da rana. Ku kuma tattaro duk magungunansa a leda ku kai wa likita, har waɗanda yake saya da kansa. Benadryl da Tylenol PM, da tsofaffi ke sha don barci, kan bar mutum da nauyin kai har washegari.

Akwai inda ba na sassauci. Idan ya taɓa ɓacewa a hanyar da ya sani, ko ya taka totur a maimakon birki, ko ya suma, ko aka tabbatar masa da ciwon mantuwa, to motar-gida ta tsaya daga ranar, a kuma sake duba batun ƙaramar.

In babu ko ɗaya cikinsu, ki roƙi likitansa ya tura shi wurin ƙwararrun gwajin tuƙi, waɗanda ke auna gani da saurin tunani sannan su fita titi da mutum. Ki tambaya ko za su gwada shi a babbar motar, don wasu a ƙaramar mota kawai suke yi. Amfanin wannan shi ne hukuncin ya fito daga bakin bare. Uba ba ya son 'yar da ya koya wa tuƙi ta zo tana ce masa ya tsufa, kuma ban ga laifinsa ba.

Kada ki buɗe zancen da "Baba ka daina". Ki same shi shi kaɗai, ban da surukai da jikoki, ki ce tsoron da Mama ke ji ne ya dame ki. Sannan ki zo da mafita a hannu, domin abin da yake ƙi shi ne zaman gida. Ana iya rage tafiyar zuwa awa 4 a yini, da rana kawai. Ana iya musanya motar da ƙarama mai girman bas ɗin haya. Wasu kuma sukan bar ta a sansani ɗaya a Arizona, su riƙa zuwa da jirgi. Ko a bana ɗaya daga cikinku ya kai musu ita, Baba na gefe yana nuna hanya, mai tuƙin ya dawo a jirgi bayan sun sauka.