Amsa: Shin CBG magani ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko sinadarin CBG na tabar wiwi yana magani kamar yadda ake yayatawa. Da farko dai ba ya sa maye irin na THC, wato sinadarin da ke bugarwa a wiwi. Masana kimiyya Gaoni da Mechoulam ne suka fara ware shi a Isra'ila a 1964, kuma daga tushensa tsiron ke samar da THC da CBD (wani sinadarin wiwi), shi ya sa kaɗan ke saura idan ganye ya ƙosa.

Batun amfani kuwa, a jikin ɓeraye aka fi gwadawa. Ya rage musu kumburin hanji, kuma a 2020 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada sun ga yana kashe ƙwayar cuta ta MRSA mai bijire wa magunguna. Amma fa ɓera ba mutum ba ne. Gwajin mutane bai taka kara ya karya ba tukuna. In kana kan wani magani, fara tuntuɓar likitanka.