Amsa: Shin enzayim ɗin bakteriya zai iya maganin mura?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko enzayim (wani furotin mai sarrafa sinadarai) da ake samu daga bakteriya zai iya zama maganin bairos masu kama hanyar numfashi. Amsar ita ce mai yiwuwa ne, amma har yanzu ana matakin gwaji, ba a kai ga rubuta wa mara lafiya shi a asibiti ba. Wanda ya fi yin nisa shi ne DAS181, wanda aka samo daga bakteriyar Actinomyces viscosus. Shaƙarsa ake yi. Ba ya taɓa bairos ɗin ko kaɗan, sai dai ya kankare sinadarin siyalik da ke saman ƙwayoyin halittar maƙogwaro da huhu, wanda da shi bairos ɗin murar infuluwenza ke maƙalewa kafin ya kutsa ciki. In ya rasa madafa, ba shi da ta yi. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai, musamman saboda masu raunin garkuwar jiki, irin waɗanda aka yi wa dashen ɓargo.

Amma fa da sharaɗi. Jiki na ɗaukar furotin ɗin bakteriya a matsayin baƙo, in aka daɗe ana shaƙa sai garkuwar jiki ta fara yaƙarsa, amfaninsa ya ragu. Kuma na sha ganin masu mura suna sayen ƙwayar serapeptes, wai ai ita ma daga bakteriya take. Don Allah kada ka bi sahunsu, babu hujjar cewa tana kashe bairos. In murar ta zo da zazzaɓi mai zafi ko sarƙewar numfashi, garzaya wurin likita, domin Tamiflu, maganin murar infuluwenza, ya fi aiki cikin awa 48 na farko da fara ciwon.