Amsar da aka ba Gwaggo kan maganar wake da ɓeraye

(Muryar da ta shigo guruf jiya bayan isha'i ce, na zauna na rubuta ta saboda su Kawu da suka ce murya ba ta buɗe musu a waya.)

Salamu alaikum mutanen gida, Gwaggo ina wuni, ya gwiwar kuma? Allah ya ƙara afuwa. To na kalli bidiyon da kika turo, na mutumin nan da ke cewa wai masana sun ba ɓeraye ruwan wake da na gurjiya kumburi ya sauka, saboda haka a sayi garin da yake sayarwa a ajiye maganin lopital. Kika ce tunda ni na yi karatu a Ngawundare in faɗa miki gaskiya ne ko ƙarya. Wallahi Gwaggo rabin maganarsa gaskiya ne, kuma rabin gaskiyar nan shi ya fi ba ni tsoro, don da ƙarya ce zalla da tuni kowa ya gane.

Bari in ba ki labarin yadda ake gwajin, don ni da hannuna na riƙe ɓerayen nan, har ɗaya ya taɓa cizona a yatsa. Ba ɓeran rumbu ba ne fa, wasu farare ne masu jan ido da ake kiwo musamman, ana ce musu Wistar, asalinsu daga wata cibiya a Filadelfiya ta Amurka. Ana raba su kashi kashi, galibi biyar ko shida a kowane kashi. Kashi ɗaya a ba su ruwa kawai, kashi ɗaya a ba su maganin kumburi na farmasi irin diklofenak ko indometasin, sauran kuma a ɗura musu abin da aka tato daga waken, wasu miligiram 100 a kowane kilo na nauyin jiki, wasu 200, wasu 400. Bayan kamar awa ɗaya sai a yi wa kowane allura a tafin ƙafar baya da wani abu wai shi karajinan, daga ciyawar teku ake samunsa, ɗan mitsitsi ake sawa amma sai ki ga ƙafar ta tashi ta yi suntum ta yi ja, wajen awa uku zuwa biyar ta kai maƙura. Sai a riƙa tsoma ƙafar cikin wani ɗan bututun ruwa ana auna girmanta awa bayan awa. Tun 1962 ake wannan gwajin, tsoho ne, ko'ina a duniya shi ake fara yi. In ƙafar waɗanda suka sha na wake ba ta kumbura kamar ta masu ruwa zalla ba, shi ke nan sai a rubuta cewa yana rage kumburi.

To ki lura da abu guda nan Gwaggo, don shi ne duk maganar. An ba ɓeran maganin ne KAFIN a jawo masa kumburin, kuma kumburin na 'yan awoyi ne, gobe ya fara sacewa da kansa. Ke kuwa gwiwarki shekara nawa? Tun kafin auren autarki kike fama, likita ya ce guringuntsin ne ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Ina haɗin wannan da ƙafar ɓera ta awa biyar? Akwai dai gwaje-gwaje masu ɗan tsawo, kamar a dasa 'yar auduga ƙarƙashin fata a bari mako guda, ko a jawo musu ciwon gaɓoɓi na makonni uku zuwa huɗu, amma ko su ɗin ɓera ne dai, mutum bai shigo ciki ba tukuna.

Sannan abin da ake ɗura musu ba ruwan dafa wake ba ne. Niƙa waken ake yi, a jiƙa garin cikin etanol ko metanol kwana biyu ko uku, a tace, a busar da ruwan a inji, sai a samu ɗan abu mai danƙo a gindin kwalba, buhu guda na magana ya koma cokali. Metanol ɗin ma guba ne, makanta yake sawa, shi ya sa sai an kore shi tas, kar wani yaro a guruf ɗin nan ya ce zai gwada a gida don Allah. Kuma in za a juya awon ɓera zuwa na mutum ba a ninkawa haka kawai, rabawa ake yi da 6.2, misali 400 ɗin nan zai koma kamar 65 a kilo, mai kilo 70 kenan wajen giram huɗu da rabi na tataccen abin, ba na gari ba. Mai bidiyo ya faɗa miki nawa ne a cikin cokalinsa? Shi kansa bai sani ba.

Sai ɗaya kalmar da yake ta maimaitawa, antioksidan, yana faɗinta kamar sunan aljani. Kin ga yadda man gyaɗa in ya daɗe a buɗe yake sauya wari, ko ƙarfe ya yi tsatsa da damina, to irin haka na faruwa a jikin mutum a hankali, antioksidan su ne masu rage wannan cin. Gwajinsa na farko ma ba a jikin dabba ake yi ba, wani ruwa ne mai launin shuni da ja ja, DPPH, a ɗiga masa abin, in ya koɗe ya koma rawaya rawaya an ce yana da ƙarfi. Kusan kowane ganye da kika sani zai koɗar da shi, zoɓo, shayi, tsamiya, duka. A jikin ɓera kuma sai a lalata hanta da gangan da farasitamol mai yawa ko wani sinadari, a ba shi na waken, daga baya a duba hantar a ga ko ɓarnar ta ragu. Sau da yawa tana raguwa, wannan ban musa ba.

Amma ga inda abin yake ba ni dariya. Sinadaran nan, folifenol ake ce musu, yawancinsu a ɓawon waken suke, fatar nan ta sama, kuma wake mai duhu ya fi fari, jan wake da baƙi da gurjiya mai ja ko baƙa sun fi farare tas ɗin nan da muke rububi a kasuwa. Mu kuwa me muke yi in za a yi ƙosai ko alale? Sai mu jiƙa mu surfa mu wanke fatar nan kaf mu watsa wa awaki. Kenan akuyar Gwaggo ta fi Gwaggo shan antioksidan, shi ya sa take tsallake katanga ba ciwon gwiwa, hahaha a gafarce ni. In kina son ki amfana, ki ci wake da shinkafa, faten wake, dafaffiyar gurjiya, gyaɗa da jar fatarta, kar a zubar da romon da aka dafa shi a ciki in ba dole ba. Ga shi Allah ya hore mana, yankin Marwa ne ke ciyar da ƙasar nan da wake, har IRAD, cibiyar binciken noma ta can, ta daɗe tana aiki a kansa. Sai dai ita fatar tana da nata, tanin ɗin da ke ciki yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, don haka mai ciki ko mai ƙarancin jini ta haɗa da ɗan lemun tsami ko tumatir, kar ta bi shi da shayi nan take.

Kuma a dafa shi ya nuna sosai. Na ji yana cewa a sha garin ɗanye a kunu, a'a. Ɗanyen wake, musamman jan nan dogo da ake kawowa daga kudu, yana da wani abu lektin da ke sa amai da zawo cikin awoyi kaɗan, tafasa mai ƙarfi ce ke kashe shi, aƙalla minti 10 yana tafarfasa bayan an jiƙa.

Yaya ta Njamena ta tambayi hulba, ee ita ma dangin wake ce, haka ɗorawa da ake daddawa da ita, haka waken soya. Hulba an fi bincikenta har a jikin mutane kan sukari, to mai shan maganin sukari ya yi hankali kar sukarin ya faɗi ƙasa da yawa, mai ciki kuma ta tsaya iya ta abinci.

Ni damuwata Gwaggo ba waken ba ne, ci abinki kullum ma. Kar dai ki ajiye maganin hawan jininki don wannan garin, kuma diklofenak ɗin da kike aika yara su sayo a tebur kina sha safe da yamma ba ordonans, wato takardar likita, shi ne ya kamata mu yi magana a kansa, yana cin ciki yana taɓa ƙoda, ga shi yana ƙara hawan jinin. Ran Asabar in Allah ya kai mu ina shigowa Garwa, ki haɗa min duk kwalayen magungunan a leda ɗaya mu je wurin likitan tare ya duba. A ajiye min ɗanwake da yaji. Caji na ya kusa mutuwa, sai da safe.