An ga ƙwayar cuta, ba a ga dafinta ba: mu ba Baba kafso?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Daga Jidda nake. An yi wa mahaifina aiki, ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na sati biyu, sai zawo ya tsinke masa, sau shida a wuni. Takardar gwaji ta ce akwai GDH, babu dafi. Hankalina a tashe yake. Maƙwabciyarmu ta kawo kafso ja da yalo da ta taho da shi daga gida. Mu ba shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. GDH wani sinadari ne da ƙwayar cuta mai suna Clostridioides difficile ke samarwa, shaida ce kawai cewa tana hanjinsa, ba ta nuna ko tana fitar da dafi ba. Gwajin gaggawa na dafinta iri biyu, A da B, kuma yakan kuskure, domin dafin na iya lalacewa cikin awa 2 idan ba a sa bahayan a firji ba, balle a zafin Jidda. Sau nawa ake miƙo mini robar bahayan da ta wuni a aljihun mota? Ku kai sabo, mai ruwa-ruwa, nan take, a yi gwajin da ake kira PCR. Ita ma PCR ƙwayar halittar da ke haɗa dafin take gani, don haka sai likita ya haɗa sakamakon da halin da Baba yake ciki.

Kafson nan kuwa, don Allah ki mayar mata. Kullum sai na yi wannan faɗan. Mutanenmu sun ɗauka duk zawo datti ne da kafso zai wanke, alhali irin wannan maganin ne ya kashe ƙwayoyin kirki da ke gadin hanjin Baba har wannan ƙwayar cutar ta samu fili. Ƙara masa wani, zuba fetur ne a wuta. Tun 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta tsananta hana sayar da shi ba takardar likita, sai muka koma ɗauko shi a jakar 'yan Umara, ƙunshe a leda tare da yaji da kuka, kowace Hajiya ta zama likitar unguwa. Haka ake ɗura wa yaro mai zawon jini, ba a tsaya an gwada dafin Shiga da wasu ƙwayoyin cuta ke fitarwa ba, alhali idan ƙwayar cutar E. coli O157 ce, maganin na iya ƙara haɗarin lalacewar ƙoda.

Kada a ba Baba Imodium ma, wato maganin tsayar da zawo. Idan an tabbatar da cutar, maganin vancomycin na sha ko fidaxomicin ake rubutawa, kwana 10. Ku riƙa wanke hannu da sabulu, sanitaiza ba ta kashe ƙwan wannan ƙwayar cutar. In cikinsa ya kumbura, ko zazzaɓi ya taso, ko fitsari ya ragu, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare ne.